Ƙotar Gatarin Gwadabe

Damina ta biyu ke nan da yanke Jigawa daga Kano, lokacin da Hambali da ƙanensa Gwadabe suka tare a gonarsu ta daji, can bayan Basirka, suka kafa bukka don noman gyaɗa. Gwadabe ba rago ba ne, a'a, amma kai, mutumin nan akwai son sauƙi.

Gatarinsa ya daɗe yana girgiɗi. Wutsiyar ƙarfen ta cinye ramin da ke kan ƙota, in ya sara sai ka ji ƙwas-ƙwas. Hambali ya sassaƙa masa sabuwar ƙota ta marke, wadda ta sha hayaƙi har ta yi baƙi kamar tsohuwar, ya ce ya gasa wutsiyar ƙarfen a wuta ya kafa ta a ciki. Gwadabe ya ce to. Yayan na ba da baya, sai gogan naka ya yi dabarar da kowane manomi ya sani: ya tsoma gatarin a ruwa ya kwana, itacen ya kumbura ya damƙe ƙarfen tsam. Sabuwar ƙotar kuwa ya cusa ta can cikin jinkar bukka. Ya sani sarai cewa ƙotar da aka jiƙa, in rana ta dake ta, sakinta ya fi na da. Ya ce ai gobe ma rana ce.

Da safen da za su tsallaka rafi su saro gwafanni don tokare bukkar, Hambali ya tambaye shi, "Ka sake ƙotar nan kuwa?"

"Na gyara, Yaya."

"To ai ɗaya ya ishe mu." Ya jingine nasa gatarin a bakin ƙofa, ya ɗauki igiya.

Ruwan rafin iyakarsa idon sawu, amma can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Hambali na gaba. Akwai wata kanya a bakin gaɓa da ruwa ya riga ya zaizaye mata gindi. Gwadabe bai ji komai ba sai ƙarar tsinkewar saiwa, sai ga kanya ta taho gaba ɗayanta. Da ya buɗe ido, Hambali na zaune cikin ruwa, wani reshe mai kaurin cinyar mutum ya danne masa ƙafar dama a cikin yashi.

"Inna lillahi! Yaya!"

"Bar ihu. Sare reshen nan ta gindinsa. Ka ga ruwan?"

Gwadabe ya duba. Ruwan ya juye ja, yana tafe da kara da kumfa. Duk wanda ya tashi a nan ya san ma'anar wannan: an yi ruwa can saman rafin, kogi na hanya. 

Ya hau kan kanyar ya fara sara. Kanya kuwa ba ta da mutunci, kowane sara ɗan ɓaro kaɗan take bayarwa. Bai yi nisa ba ya ji abin da yake tsoro: ƙwas. Ya ƙara, ƙwas-ƙwas. Ruwa ya kai Hambali cibiya. Gwadabe ya rage ƙarfi don kada ƙarfen ya kwaɓe, sai saran ya daina ci. Ya ƙara ƙarfi, sai kaifin ya maƙale, ya fizgo ƙota ita kaɗai a hannunsa. Ya girgiza ƙarfen ya zare, ya mayar da shi ramin.

"Gwadabe, mene ne?"

"Ba komai, Yaya."

Reshen ya kai rabi, ruwa ya kai ƙirji. Gwadabe ya ɗaga gatarin da iyakar ƙarfinsa ya sauke. Kan ƙotar ya tsage gida biyu, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa rafi, tsulum.

Ɓarin ƙotar ya biyo ruwa ya tsaya a ƙirjin Hambali. Ya ɗauka ya juya shi, ya ga cikinsa duk ya ruɓe. Ya ce, "Wannan ai tsohuwar ce." Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi wa Gwadabe sauƙi.

Gwadabe ya dira cikin ruwan, ya nutse yana lalube a yashi. Ya ɗago ya shaƙi iska ya koma. Kara, dutse, saiwa. Kuka yake yi a cikin ruwan, yana kiran sunan Allah a zuci. Can ya ji wani abu ya yanke masa yatsu, bai taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba. Ya fito da ƙarfen a hannu ɗaya, dutse a ɗayan.

Ya kafa kaifin a bakin saran ya dinga dukan wutsiyar da dutse, jini na bin gwiwar hannunsa. Hambali ya ɗaga haɓa sama, ruwa na taɓa masa leɓe, ya fara kalmar shahada. Gwadabe ya duka, ya sake duka. Reshen ya yi ƙara, ya karye, amma da zai tafi sai ya murɗe a kan gwiwar Hambali kafin ruwa ya ja shi. Ihun da Hambali ya yi, har yau Gwadabe bai daina jinsa ba. Ya cafko wuyan rigarsa ya ja shi zuwa gaɓa.

Maɗori a Gwaram ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Gwadabe shi kaɗai ya cire gyaɗar wannan shekarar. Da ya kwaso kayan bukka ya kawo gida, ya tarar da Hambali a zaure, sanda a gefensa. Ya durƙusa ya ajiye masa gatarinsa, wanda aka bari a bakin ƙofa ranar nan, ya kasa ɗaga kai.

Hambali ya ɗauka, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya girgiza ƙotar. Ko motsi ba ta yi ba. Sai ya miƙa wa ƙanensa.

"Riƙe, Gwadabe. Ni ai na gama shiga daji."