Haƙoran Kan Sarki

Wata uku Zulkifilu ya yi yana jiran ledar. Ranar Asabar da hantsi wani abokin aikinsa da ya dawo daga kwas a waje ya miƙa masa ambulan a ƙofar gidansa na Arkilla. Ko gaisuwar kirki ba su gama ba ya shige ɗaki yana farke bakinta.

Dogayen sillaye ne guda goma, gabansu garau kamar gilashi, bayansu baƙi. Masu tara kan sarki suna yanka su daidai girman kowanne, a zura kan sarkin a ciki, a liƙa ledar a shafin kundi, don kada gam ko gumin hannu ya taɓa takardar. Shekara goma sha ɗaya yana tara nasa a gwangwanin alewa. Amma guda ɗaya ne ya sa shi yin odar: wani ɗan kore da ya ciro daga wasiƙar kakansa, hatimin gidan waya na Sakkwato zaune a tsakiyarsa, ƙananan haƙoran da ke gefensa duk a cike, babu wanda ya karye.

Ya yanka silin farko da almakashi, ya fito a karkace. Ya gwada na biyu da reza da rula, rezar ta zame.

"Saura takwas," in ji matarsa Muhsina, tana tsintar shinkafa. "Kahin azahar ka koma ma gwangwaninka."

"Almakashin ne ba shi da kaihi."

"Wanda nika yanka atamfa da shi? Tahi wurin Baba Na'Allah, ka bar ɓarna."

Bai tsaya neman hula ba. Ya kwashi ledar da kundi da gwangwani ya tare keke.

Baba Na'Allah baduku ne a Gawon Nama, aminin mahaifinsa. Gafaka yake ɗinkawa, kuma shi malamai ke kai wa littattafai ya daidaita bakin takardun kafin ya yi musu bango. Ya ɗago ya dubi baƙon ta saman tabarau.

"Ɗan boko. Takalmi ya tsinke?"

Zulkifilu ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya baje kayan a kan tabarma yana bayani da sauri. Ledar za a yanka, a bar milimita biyu kowane gefe.

"Mili mi?"

"Awa ƙwarar gero guda, Baba."

"To yanzu ka yi magana."

Tsohon ya wasa wuƙarsa a dutse, ya ɗora silin a kan katako, ya ƙyalla ido sau ɗaya ya ja. Ko ƙara ba ta yi ba. Zulkifilu ya ɗaga yankin ya duba shi a hasken rana, ya aza shi jikin rula. Babu karkata ko ta kaurin gashi. Dariya ta kuɓuce masa. Ya ɗauki hantsaki ya kamo wani kan sarki mai hoton jirgin ƙasa ya zura, ya zauna ɗas, baƙin bayan ya fito da launinsa kamar yau aka buga shi.

"Takarda da hantsaki, sai ka ce ƙaya," in ji Baba. "Miƙo wani."

Aiki ya kankama. Baba na yanka, Zulkifilu na zurawa, yana ɗan jiƙa bayan ledar da kan yatsa yana liƙawa. Shafi ɗaya ya cika, na biyu ya kai rabi. Yana ta ba da labarin kowanne, ba tare da ya lura ko ana saurarensa ba.

Ya sunkuya yana daidaita wani layi ne ya ji wuƙar ta sauka sau huɗu a jere. Leda sau biyu ake ja mata. Ya ɗago.

Wani kan sarkin kwabo goma na kwance a kan katako, gefensa huɗu sumul, haƙoran sun zube gefe kamar dussa. Baba ya riga ya jawo na gaba. Ɗan koren ne. Ya danne shi da babban yatsa, bakin wuƙar na kan haƙoran sama.

Tun da aka haifi Zulkifilu bai taɓa kama hannun dattijo ba sai a gaisuwa. Ya cafke wuyan hannun da hannu biyu.

Mai shayin da ke maƙwabtaka ya tsaya da zuba ruwa.

"Sake ni," in ji Baba.

"A gahwarce ni, Baba. A ɗaga wuƙar tukuna."

"Shekara hamsin aiki bai hita rumfag ga da geza ba. So kaka yi a ce Na'Allah ya tsuhwa?"

"Ba geza ba ce. Haka anka yi shi. Haƙoran su ad darajarshi, in sun tahi ya zama takardar ƙosai."

"Wagga tsaga-tsagar?"

"Ita."

Tsohon ya dubi wanda ya gyara, ya dubi ɗan koren, ya dubi hannayen da ke riƙe da shi. Zulkifilu na jin jijiyar hannun tana motsi a tafinsa. Bai saki ba.

A hankali wuƙar ta tashi. Zulkifilu ya saki, ya sa hantsaki ya ɗauke kan sarkin, ya juya shi a haske yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan. Sai a lokacin ya ji rigarsa ta manne a bayansa.

Baba ya jawo sabon sili, ya auna da ido, ya ja sau biyu, ya turo yankin da bakin wuƙa. Zulkifilu ya karɓa, sai a gwaji na uku ɗan koren ya shiga. Ya liƙa shi shi kaɗai a tsakiyar shafi, ya riƙe kundin nesa da fuskarsa yana murmushi.

Baba ya leƙo, ya taɓe baki.

"In an tambaye ka aikin wane ne, ka ce ledar kaɗai ni yanke."