Keken Baba Tela

"Kar wanda ya taɓa ni," in ji Baba Tela. "Ni ba buhu ba ne da za a kinkima."

Yana tsaye a bakin gado, hannu na kakkarwa, ƙafafu sun manne da siminti kamar an zuba musu gam. Dakta, maƙwabciyarsa da katanga kaɗai ta raba su, tana rungume da kwamfuta. Likitar ƙwaƙwalwa ce, ta fi kowa sanin abin da faɗuwa ɗaya za ta yi wa tsohon da ciwon rawar jiki ya cinye, ga ƙirji ya cushe tun makon jiya.

"Baba, in kawo maka kwamfutar nan gado mana. Za su gan ka sarai."

"A kwance? Haba 'yata. Mutanen da aka ba labarin ina tafiya?"

Labarin kuwa bara ya faro. Dakta ta shigo karɓar ɗinki wajen Mama, matarsa, wadda ta gaji keken ɗinkinsa tun da hannunsa ya daina iya zura zare. Sai ta ga abin mamaki: mutumin da ke maƙalewa a bakin ƙofa sai an ja shi, ga shi yana ɗaga ƙafa yana bin ƙarar keken har tsakar gida. Keke ya tsaya, shi ma ya tsaya cak. Ranar ko ɗinkin ba ta ɗauka ba. Ta san sauti mai tsari kan saki ƙafar masu wannan ciwo, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi aiki haka ba. Ta naɗi ƙarar, ta aika wa abokan bincikenta a ƙasashe daban-daban, wannan ya auna, waccan ta gwada wa marasa lafiyarta. Yau za su nuna abin da aka samu a taron da za su yi ta kwamfuta, kuma sun ce sai da mai keken.

Dakta ta ajiye kwamfutar a teburin falo, ta dawo ta tsaya bayansa, hannuwa a buɗe.

"Taka mini, tsohuwa," ya ce. "A hankali, ba irin takun nan naki mai karya allura ba."

"Ji shi," in ji Mama. "Wadda ka karya a zamaninka ai ta cika kwano."

Ta sa ƙyalle, ta taka. Ƙafar Baba ta dama ta ɗaga, ta hagu ta biyo. Ya wuce kabad, ya wuce kujerar da ya saba faɗawa kai. Murna ta kama Dakta, har ta manta ita ce ta hana.

Daidai bakin ƙofa zare ya tsinke.

To, tela dai tela ne. Zare na tsinkewa ƙafa ke tsayawa da kanta, ba sai an yi shawara da ita ba. Keken ya yi tsit, Mama ta sunkuya tana lalubar bakin zare, Baba ya ƙame, jikinsa ya fara rinjaya gaba.

"Mama, bar zaren! Taka kawai!" in ji Dakta.

Mama ta taka keke ba zare, abin da ba ta taɓa yi ba. Tsohon ya yi tangaɗi, ya cije leɓe, ya tsallake dokin ƙofa. Da ƙafarsa ya isa teburin.

Fuskokin da ke kan allo suka ɓarke da tafi. Wani likita mai furfura har da cire tabarau yana share ido. Sai aka sa hoton wata tsohuwa a wata ƙasa mai nisa, tana ratsa barandar asibiti ba sanda, ƙarar keke na tashi a bayanta. Bayanta wani dogon mutum, bayansa wani.

Baba ya kasa kunne, baki har kunne.

"Nawa ne kuwa. Ji wannan ɗan tarin da yake yi. 'Yata, da kin faɗa mini duniya za ta ji, ai da na sa masa mai."

Dakta ta fassara musu, dariya ta cika falon.

Daga ranar bai sake tashi daga gado ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Mama ta kira ta ta kan katanga, da murya ƙasa-ƙasa: "Dakta, zo ki duba min shi." Ta duba, ya riga ya cika. Ta sha rufe idon marasa lafiya, amma wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta zauna a bakin gadon ta yi kuka kamar ba likita ba.

Da gida ya watse, wata yamma ta dawo daga asibiti ta jiyo ƙarar keke ta katanga. Ta leƙa. Mama ce zaune tana takawa a hankali, ba ƙyalle, ba zare. Ƙofar ɗakin a buɗe, takalmansa na ajiye a bakinta.