Mai Zuba wa Gwaggo Ruwa

Duk Ƙofar Na'isa, in dai maganar fim ɗin ban tsoro ce, babu mai ja da Nana Hauwa. Malamar firamare ce, siririya kamar ba ta cin abinci, amma bakinta sai addu'a. Akwai wani guruf da suka buɗe a waya, su kusan arba'in, maza da mata, ba abin da suke tattaunawa sai wane fim ne ya yi, wanne ne asarar data. In sabon fim ya fito kowa sai ya yi gum har Nana ta yi magana. In ta ce a kalla, washegari ka ga mutane a shagunan masu tura fina-finai na Ƙofar Wambai suna miƙa waya. In kuwa ta ce shirme ne, shi ke nan, ko kyauta aka tura maka ba za ka buɗe ba.

Ita ba ta son fim ɗin jini. Takan rubuta musu, "Jini ba tsoro ba ne, ƙazanta ce. Mai son ganin jini ya je kwata da safe, ba a biyan kuɗin shiga." Babban abokin musunta shi ne Nazeer, wani mai gyaran waya, wanda in ba a fille wa mutum uku kai ba, shi bai kalli fim ba. Nata gwanin kuwa wani fim ne na wata tela da kullum in ta zo shago da safe sai ta tarar an ƙara ɗinki a wata farar riga da ta bari a kan keke, rigar kuma daidai awon jikinta. Ba dodo, ba ihu. Nana ta ce kwana uku ta yi tana jin tsigar jikinta na tashi in ta ji ƙarar keken maƙwabciyarsu.

Abin da 'yan guruf ba su sani ba, rabin basirar nan ba tata ba ce. Ta Gwaggo 'Yardada ce, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida da mahaifiyarta ta rasu. Gwaggo ce ke yi wa matan unguwar wankan gawa, yau shekara talatin da ɗoriya. Bayan la'asar Nana takan jingina waya a jikin randa a tsakar gida, Gwaggo na gefe tana tsintar wake, wai ita ba kallo take ba. Can sai ka ji tsaki.

"Wannan ai ba gawa ba ce. Dubi wuyanta, da kanta ta riƙe shi. Gawa ba ta taya ka ɗaukar kanta."

Nana ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ke da ba kallo kike ba?"

"Ba kallo nake ba, idona ne ya faɗa. Kuma su mutanen nan ba su da dangi ne? A bar bawan Allah baki buɗe, ba mai ɗaure masa haɓa?"

Sai Nana ta ɗauki maganar, ta yi mata kwalliya, ta kai guruf, a yi ta cewa kai, Malama akwai lura. Amma duk sharhin nan da Gwaggo ke yi wa gawarwakin fim, ba a taɓa jin ta ce "kamar wance" ba. Matan da suka bi ta hannunta, ko sunan ɗaya ba ya fitowa daga bakinta sai in addu'a za ta yi musu.

Wata Asabar, ana tsakiyar kallo, Gwaggo ta ture farantin waken ta ce, "Nana, kashe abin nan, magana zan yi da ke."

Ta kashe.

"Kin san Husaina da ke zuba min ruwa ta koma wurin ɗanta a Kaduna. Na nemi mata uku a unguwar nan, kowacce ta ce tana tsoro. Ke kuma kullum kina cika baki ba abin da ke firgita ki. To ina so ki riƙa bi na, ki koya." Ta dubi tafin hannunta. "Ba don unguwa kaɗai ba. Ni ban haifa ba, ke ce 'yata. Ranar da tawa ta zo, ba na so baƙin hannu ya taɓa ni. Ke nake so ki yi min."

Maganar ta shiga Nana sosai. Ta so ta mayar da ita wasa, ta kasa, sai ta ce, "Allah ya ƙara miki nisan kwana, Gwaggo. Zan bi ki." A ranta kuwa har da ɗan alfahari, don duk duniya ita aka zaɓa.

Ba a yi sati biyu ba aka aiko da hantsi cewa Hajiya Mero ta bayan masallaci ta rasu. Tsohuwa ce mai kusan shekara saba'in da biyar, mai yawan azumi, wadda ko dariya da ƙarfi ba a san ta da ita ba. Nana ta nemi izini a makaranta, ta ɗauki jakar Gwaggo mai sabulu da garin magarya da kafur da ƙyallaye, ta bi ta ta lungu. Tana tafe tana jiran tsoro ya zo, irin wanda ta sani, mai sa bayan wuya ya yi sanyi.

Bai zo ba. Abin da ta tarar a ɗakin wata ƙaramar tsohuwa ce a kwance, an lulluɓe ta da zani, fuskarta kamar ta wadda ta gaji ƙwarai. Gwaggo ta yi bismilla, ta naɗa ƙyalle a hannu, ta ce, "Zuba a hankali, kada ki kwara. Ba ki ga mutum ce ba?" Nana tana zubawa, Gwaggo na wankewa ta ƙarƙashin zanin, ba ta yaye komai ba. Har magana take yi mata ƙasa-ƙasa: "Sannu Hajiya, za mu juya ki. Yi haƙuri." Aka yi mata alwala, aka fara da dama. Kan kuwa, da Nana ta tallafe shi, ta ji nauyin da Gwaggo ke faɗa.

Can hannun Gwaggo ya tsaya a wajen ƙugu. Ta ɗan laluba, ta warware wani abu, ta zaro shi. Jigida ce, baƙa, zagaye uku, ta sha jiki har ƙwayoyin sun yi sumul suna sheƙi. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba. Ta naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ta cusa a jaka, ta ce, "Zuba." Da aka gama aka sa likkafani, ta ja babbar 'yar marigayiyar gefe, wata mai suna Zinariya, ta damƙa mata ƙullin a hannu ba tare da ta ce uffan ba.

Jigidar nan ta tsaya wa Nana a rai wunin ranar. Ba dariya ta ba ta ba, wallahi. Tausayi ta ji, da wani irin mamaki, cewa ashe a ƙarƙashin hijabin nan da carbin nan akwai macen da ta taɓa zama amarya. Duk fina-finan da ta kalla babu wanda ya taɓa yi mata haka.

Da yamma ta buɗe waya ta tarar guruf ya kaure. Nazeer ya kawo wani sabon fim da gawarwaki ke tashi a ɗakin ajiye gawa, ya ce duk wanda bai firgita ba ƙarya yake. Nana ta riga ta kalla, ta rubuta cewa kada kowa ya ɓata lokacinsa, masu fim ɗin ba su taɓa ganin mamaci ba. Nazeer ya ce, "To ke Malama, a ina kika gani? Ko a allon makaranta?" Aka bi shi da alamun dariya har guda goma sha.

Nan fa zuciya ta ɗebe ta. Mutum ce da ta saba duk abin da idonta ya gani sai ta yi sharhinsa, kuma ga shi yau ta ga abin da ya fi kowane fim. Yatsunta suka fara gudu. Ta rubuta musu dogon bayani, mai kyau ma, in gaskiya za a faɗa. Ta ce yau ta tsaya a kan gawa ta gaske, kuma babu abin tsoro a cikinta sai abin tausayi. Ta faɗi nauyin kai. Ta faɗi sanyin ƙafa. Daga ƙarshe ta ce, "Tsohuwa ce tukuf, amma da jigidarta zagaye uku a ƙugu. Ranar da mai fim ya iya nuna min abu irin wannan, ranar zan ce ya san mutuwa." Ba ta ambaci suna ba, sai ta ɗauka ta rufa asiri.

Haba, a cikin birni? Mace nawa aka kai makabarta daga Ƙofar Na'isa a ranar? Ɗaya tak. Kuma wa bai san gidan da Nana take ba? 'Yan guruf suka yaba, har Nazeer ya ce ya sallama. Wani ya ɗauki hoton rubutun ya tura wa 'yar'uwarsa don ta ga hikima, ita kuma ta ga abin dariya. Kafin sadakar uku, matan da ke zaman makoki a gidan Hajiya Mero sun fara duban juna suna danne murmushi da bakin mayafi.

Ran kwana na huɗu da safe Zinariya ta yi sallama. Nana na shirin fita makaranta, tana ganin fuskarta ta san me ya kawo ta. Zinariya ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dubi Nana ba. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta miƙa mata waya, sannan ta tuna Gwaggo ba ta karatun boko, sai ta karanta mata da bakinta tun daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Gwaggo, ke kika wanke kakata, ke kika wanke ƙanwata, ba mu taɓa jin ko kalma ɗaya a waje ba. Jigidar nan babanmu ne ya saya mata satin da aka kawo ta gidansa. Shekara goma sha tara da rasuwarsa ba ta cire ba. Ni kaina ban sani ba sai da ciwo ya kwantar da ita. Yanzu ga shi yara a lungu suna yi wa jikokinta waƙa da ita."

Nana ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Laifina ne, Zinariya. Ni na shigar da ita ɗakin. Ki yafe min, ki roƙa min 'yan'uwanki."

Tsohuwa mai furfura ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban sa'ar 'yar cikinta. Nana ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta bi Zinariya har zaure tana kuka tana ba ta haƙuri. Zinariya ta ce, "Allah ya yafe mana," ta fita.

Nana ta goge rubutun, duk da ta san gogewar banza ce. Ta fita daga guruf ɗin. Ta yi ta jiran faɗa, don Gwaggo ba ta raga wa kowa, ko mai kayan miya ya rage mata albasa sai lungu ya ji. Amma faɗa bai zo ba. Gwaggo na ci da ita, tana tashinta sallah, tana tambayarta makaranta. Wannan ya fi duka ciwo. Ta roƙi gafara sau uku, sau uku Gwaggo na cewa, "Na yafe miki tun ranar." Har Nana ta fara sa rai cewa komai ya wuce.

Bayan wata guda aka aiko an yi rasuwa a gidan wani maɗinki. Nana ta yi wuf ta ɗauko jakar, ta sa hijabi. Tana fitowa ta ga Zinariya tsaye a bakin zaure, ita ma da hijabinta. Gwaggo ta karɓi jakar daga hannun Nana a hankali, ta miƙa wa Zinariya.

"Gwaggo," in ji Nana, "ai kin ce kin yafe."

"Na yafe, 'yar nan. Ban riƙe ki da komai ba, Allah ne shaida. Kuma na san ba da mugunta kika yi ba. Da mugunta ce ma da na san maganinta." Ta gyara zaman takalminta. "Ke idonki in ya ga abu, sai ya nemi wanda zai gaya wa. Haka Allah ya yi ki. Ita kuwa wannan ta ɗanɗana, ta san yadda abin yake in ya fita."

"To ranar taki fa? Kin ce ni kike so."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta, idonta ya kawo ruwa.

"Har yanzu ke nake so. Amma ni ma mace ce, Nana, ina da nawa a ƙarƙashin zani. Ranar, Zinariya za ta shiga. Ke ki zauna a tsakar gida ki karɓi gaisuwa, ki yi min addu'a."

Suka fita. Nana ta tsaya a zaure da hijabi a jikinta, tana jin takun Gwaggo na jan ƙafa a lungu, har ta daina ji.