Athol da Glenys, Layi na Sha Takwas

Shekara uku da wata biyu Noelene Treloar ta yi tana karanta bayan motocin mutane.

Mu tsofaffin da muka ajiye aiki muka kama hanyar hamada, kowa yakan rubuta sunansa da na matarsa a bayan ɗakin tafi-da-gidankan da yake ja da mota, da lambar layin oba-obarsa, wato rediyon kira na mota, don wanda ya biyo shi ya kira ya ce zai wuce. Noelene ta karanta ɗaruruwa. Har ta ga wani marar kunya da ya kankare sunan matarsa ya rubuta "ana nema" a gurbin. Abin da take biɗa guda ɗaya ne: Athol da Glenys, layi na sha takwas, da koren fenti.

Sau ɗaya ta taɓa ganin rubutun, yana yi mata nisa cikin jar ƙura. A hanyar Oodnadatta ne, shekarar da mijinta Merv ya yi ritaya daga aikin layin dogo. Lagireton motarsu ya fashe da hantsi. Merv ya ɗaga murfin inji ya yi ta fama cikin rana, can da tsakar rana ya dafe ƙirji ya zauna a inuwar taya, ya ce ƙwannafi ne. Ba ƙwannafi ba ne. Waya kuwa a wannan daji sai dai a kori ƙuda da ita.

Wajen ƙarfe biyu mota ta ɓullo. Noelene ta tsaya bakin hanya tana kaɗa tawul. Motar ta rage gudu, sannan ta ƙara wuta. Noelene ta ruga ta ɗauki oba-oba, ta yi ta kiran sunayen da ta gani har muryarta ta dishe, ba wanda ya amsa. Kilomita saba'in ne kacal zuwa gidan mai na gaba, inda ake kiran likita ya zo da jirgi. Merv ya cika kafin faɗuwar rana, kansa a cinyarta. Sai washegari motar shanu ta same su.

Dokar hanyar nan ɗaya ce, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba. In ka ga murfin inji a ɗage, ka tsaya. Ko maƙiyinka ne ka tsaya, ka zage shi son ranka, ka ba shi ruwa.

'Ya'yanta sun yi, sun yi ta sayar da motar ta dawo gari ta riƙa renon jikoki, ta ce musu iska take sha. Ƙarya take. Ba dutse ko faɗuwar rana ɗaya da ta tsaya kallo a shekarun nan. Abin da take so shi ne ta tsaya gaban mutumin nan cikin jama'a, ta kwance masa zani a kasuwa yadda ba zai ƙara samun wanda zai ɗaga masa ko yatsa don gaisuwa a hanya ba.

Ta sami Athol da Glenys ran wata Talata, a wani zango da ke gindin rijiyar burtsatse, sun kame inuwar bishiya ɗaya tilo da ke wurin. Koren fentin ya koɗe, amma shi ne. Noelene ta sami wuri ta tsaya, ta kashe mota.

Ba ta gama kafa rumfarta ba wata 'yar gajeriyar mata mai fara'a ta zo da burodin garwashi mai zafi a faranti, an shafe shi da man shanu. Ta ce ita ce Glenys, ta ga baiwar Allah ita kaɗai, ta ce bari ta yi maraba. Ta tambayi lafiyar gwiwarta, ta yabi tayoyinta, ta ce kada ta kuskura ta ƙi zuwa da'irar hirar yamma. Noelene ta cinye burodin tas, don ba a zuwa yaƙi da yunwa.

Ƙarfe biyar na bugawa kowa ya fito da kujerarsa ta naɗewa da kofinsa, aka yi da'ira kamar kullum. Mutum goma sha huɗu, ba mai baƙin gashi ko ɗaya. Wal, tsohon mahaucin da ya naɗa kansa sarkin zango don ya kwana tara a wurin, ya buɗe taro da tsokanar wani cewa janaretansa ya fi matarsa surutu. Aka yi hirar tsadar mai, aka yi ta ƙugun roba da wa ya sa wa bai sa ba. Athol dogo ne, mai sanyin magana, yana ta korar wa matarsa ƙuda da hularsa. Wannan ya ƙara ƙona wa Noelene rai. Ta so ta same shi mai ihu da tumbi.

Da layi ya zo kanta, ta ce ita sabuwa ce, shawara take nema a kan hanyar Oodnadatta. Nan take maza suka yi caa, kowa gwani. Ta bar su suka gaji, sannan ta juya wajen Athol.

"Kai fa, malam? Da ganin motarka ta sha hanya."

Athol ya ce sun bi ta sau ɗaya, da daɗewa. Ta tambaye shi shekara, ya faɗa. Ta tambayi wata, ya ce Satumba.

"Kun gamu da kowa?"

"Hanyar ba mutane sosai, 'yar'uwa."

"Farar mota fa? Murfin inji a ɗage, mace na kaɗa tawul?"

Wal ya sauke kofinsa ƙasa. Noelene ta ba da labarin daga farko har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, don ta riga ta maimaita shi ita kaɗai a mota sau ba adadi. Ta faɗi ƙarfe nawa, ta faɗi kilomita nawa, ta faɗi abin da likita ya ce da an kira shi kafin ƙarfe huɗu. Ta shirya wa musu. Ta tanadi amsar "ban gani ba", ta tanadi amsar "rana ce a idona".

Athol ya ajiye hular a gwiwa.

"Ni ke tuƙi. Na gan ki. Ban tsaya ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Wal ne ya fara miƙewa, ya naɗe kujerarsa, ya ce shekara arba'in yana yanka dabbobi bai taɓa jin ƙazanta irin wannan ba. Matar mai janareta ta bi. Ɗaya bayan ɗaya kujeru suka yi ta rufewa, aka koma gaban rumfar Noelene aka sake da'ira, aka bar mutum biyu a fili da kofuna a hannu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Noelene ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba, daɗi irin na wanda aka cire wa ƙaya. Ta san mutanenta: kafin mako ya zagayo labarin ya riga Athol zuwa kowane zango daga nan har bakin teku.

Da safe tana durƙushe tana rage iskar taya saboda gargada, sai ga Glenys, ba faranti, ido a kumbure. Motoci biyu sun riga sun tashi, ana jin muryoyinsu a oba-oba suna yaɗa zancen.

"Ya taka birki," in ji Glenys. "Ni na ce ya tafi."

Noelene ba ta ɗago ba.

"Na ce masa akwai wasu a bayanmu, za su tsaya. Ba kowa a bayanmu, na sani. So nake mu isa zango kafin uku mu kama inuwa, kin san yadda ake cika. Na ji ki a oba-oba kina kiran sunana. Ni na kashe oba-obar." Ta share hanci da bayan hannu. "Sati biyu bayan nan muka ji labarin rasuwar. Tun ranar bai taɓa ce mini ke ce ba."

Iska na fita daga tayar, Noelene na kallon allurar ma'auni. Inuwa. An bar mata miji ya mutu a kan tsakuwa saboda inuwa.

"To me kike so?"

"Ki gaya musu. Ki kira a layi ki ce ba shi ba ne. Ke za su yarda da ke. Hanyar nan ita kaɗai ta rage masa, 'yar'uwa, ba zai iya zaman gida ba."

"Bakinki ciwo yake? Ga oba-oba can a motarku."

Glenys ta dubi motar Wal, ta dubi matan da ke shanya a igiya, waɗanda jiya da safe suke rubuta yadda take kwaɓa burodi. Ta sunkuyar da kai. Noelene ta gane ba za ta iya ba, yau ko gobe, kuma nan ta ga abin da ya fi wanda ta zo nema.

Ta ɗaure murfin tayar, ta dafa mota ta miƙe.

"Ƙafarsa ce a kan totur, ya ci rabonsa. Naki kuma ga shi. Ba zan faɗa wa kowa ba. Kullum ƙarfe biyar ki fito muku da kujera biyu, ki zauna kusa da shi, ki ga yadda ake kewaye shi saboda ke."

"Don Allah."

"Ni ma haka na yi ta cewa."

Ta kewaya ta durƙusa a taya ta gaba. Ta ƙarƙashin mota ta hango Athol ya fito daga ɗakinsu da kofin shayi biyu, yana waige-waigen inda matarsa ta shiga. Noelene ta laluba zuciyarta ko za ta sami tausayinsa, ta samu, ɗan kaɗan, amma bai kai ya hana ta ƙarasa tayoyinta ba.