Kwalbar da Ke Bakin Taga

Ta ɗiga ruwan narkarwa a kan gilashin, ta tsaya tana kallo. Shimfiɗar fularin ɗin, siririya kamar ɓawon albasa, ko gezau. Wannan ma ta ƙi narkewa!

Uwar Duhu abokan aiki ke kiranta, don kullum tana ƙunshe a ɗakin gwajin da aka toshe wa tagogi. Kowa a sashen ya san ƙa'idar: ƙwayoyin fularin, 'yan dunƙulen kabon masu kama da ƙwallo, sai haske ya doke su suke kama juna su ƙi narkewa. To ita nata a duhu ta ajiye, cikin kwalaben da aka zuƙe wa iska, a aljihun tebur, amma suka kama juna. A kan wannan abin mamaki ta gina digirinta kaf, kuma jibi za ta kare shi gaban malamai.

Waya ta yi ƙara. Yayarta ce.

"Baba fa ya ce ko da rarrafe sai ya zo. Har ya sa an goge masa babbar riga."

"Yaya, ki ce ya yi mini addu'a dai."

Ta nufi ofishin Farfesa, mai duba aikinta, don ta gaya masa gwajin ƙarshe ma ya tabbata. Ta yi karo da baƙi suna fita. Tana shiga ta ga kwalba a bakin taga, rana ta dalle ta ƙal. Rubutun da ke jikinta nata ne.

Ta nuna kwalbar da yatsa.

"Farfesa, wannan fa?"

"Au, taki ce, 'yata." Ya yi dariya. "Baƙi ba sa gane bayani sai sun ga launin da idonsu. Nakan jera kwalaben naki a nan su sha kallo."

"Tun yaushe?"

"Ai tun farkon aikinki. Kada ki damu, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, iska ba ta shiga ba. Kuma da yamma nake mayar da kowace mazauninta."

Iska! Tsohon da ya yi furfura yana yaƙi da iska a gwaje-gwajensa, ya kiyaye ta sarai, ya manta da rana. Ashe ba a duhu ƙwayoyin suka kama juna ba, aikin rana ne. Ta so ta yi ihu, amma wa za ta yi wa? Mutumin nan ya tsaya mata lokacin da kowa ke mata dariya.

In ta yi shiru, ba mai sani. Jibi a tafa mata, Baba ya yi hawaye, shi ke nan.

"Lafiya, 'yata? Kin yi wani iri."

Ta juya ta rufe ƙofa a hankali, don kada sakatare ya ji.

"Farfesa, zauna tukuna," ta ce. "A ɗage zaman jibi."