Mai Farar Hula a Bayan Jarumi

Baba Mai Agogo ya tsaya turus a gaban kantar, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Babu abin da ya canja. Wurin da aka saba jera fayafayan fim a babban kantin ya zama wayam, sai ƙura.

"Auta, ko dai idona ne?"

"Ba idonka ba ne, Baba," in ji 'yarsa. "An kwashe su."

Abin da ya kawo Baba ba ƙarami ba ne, a wurinsa dai. Lokacin yana saurayi, yana gyaran agogo a kan ɗan tebur a bakin tasha, wasu masu shirya fim suka zo suka ɗauki jaruminsu yana saukowa daga mota. Tun daga ranar Baba yake gaya wa duk mai kunne cewa ya fito a fim. Matsalar ita ce, a tsohon kaset da wanda ke yawo a waya, hoton duk dishi-dishi ne. Abin da ake gani a bayan jarumin farar hula ce a kan wani dunƙule. Inna, matarsa, takan leƙa ta ce, "Malam, wannan ai tulu ne aka sa wa hula." Jikoki kuwa sun daɗe da raɗa masa suna Jarumi, kuma ba don girmamawa ba.

Kwanan baya ya ga fim ɗin a nan, an sake shi a sabon faifan nan da hotonsa ke fita tangaran, har gashin gira a ƙirga. Bai saya ba, don babu na'urar kunna shi a gida. Jiya Auta ta samo aro a wurin aikinta.

Wata mata mai rigar ma'aikatan kantin ta zo wucewa da kwali a hannu. Baba ya tare ta.

"'Yata, ina fayafayan?"

"Ayya Baba, an daina kawowa. Ba mu kaɗai ba, manyan kantuna duk haka suke yi. Kowa a waya yake kallo yanzu. Caja da abin sawa a kunne za mu jera a nan. Fayafayan suna sito an ɗaure, mota muke jira ta mayar da su."

"Guda ɗaya nake nema." Ya faɗi sunan fim ɗin, ya gyara tsayuwa. "Ina ciki."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Matar ta dube shi daga hula har takalmi, dariya ta ƙwace mata, amma ba ta raini ba.

"Kai Baba! Ashe tauraro ne ya shigo mana, ba mu shimfiɗa darduma ba? Taho mu je."

A sito kwalaye ne jibge har sun fi mutum tsayi. Matar ta kira abokan aikinta biyu, ta ce su zo su ga ɗan fim. Aka jawo wa Baba wani kwali ya zauna, aka shiga yanka salatif. Fina-finan faɗa, na soyayya, na yara, duk aka baje su a ƙasa. Baba yana zaune yana ba da labarin yadda jarumin ya wuce gab da teburinsa, har ƙamshin turarensa ya ji.

"Nan gaba jikokinka za su tsinci faifai su ɗauka madubi ne," in ji ɗaya daga cikin ma'aikatan.

"Su ɗauka ko murfin tukunya ne, in dai sun ganni tukuna."

Aka duba kwalayen kaf, babu. A waje aka ji ƙarar motar ɗaukar kaya tana ja da baya. Auta ta dubi Baba, tausayinsa ya kama ta. Ya dafa gwiwa ya miƙe zai yi godiya. Sai matar ta nuna kwalin da ya tashi daga kai.

"Wannan fa? Wa ya buɗe shi?"

A nan faifan yake, a sama-sama, murfinsa ya ɗan lotsa da nauyin mai nemansa. Sito ya kaure da shewa. Baba ya rungume faifan a ƙirji, ya yi ta sa musu albarka har bakin ƙofa.

Kafin la'asar falo ya cika. Jikoki a ƙasa, surukai a jikin bango, Inna a kujerarta tana taɓe baki. Da hoton ya fito sai kowa ya yi tsit. Ga tashar nan kamar ka miƙa hannu ka taɓa, har rubutun jikin motoci ana karantawa. Jarumi ya sauko.

"Tsayar! Tsayar a nan!" Baba ya daka tsawa.

Auta ta tsayar. Ga farar hula, fes. A ƙarƙashinta kuwa wani ƙaton dattijo ne mai gashin baki da tumbi, yana hamma.

Wani jika ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Inna ta yi dariya har tana share hawaye. Baba ya matsa kusa da talabijin, kunya ta rufe shi. Sai a lokacin ya tuna: masu fim ɗin sun ce dattijon ya fi dacewa da hula, suka ari tasa suka ɗora masa.

"Hular dai tawa ce," ya ce a sanyaye, abin da ya ƙara tunzura su.

"Ku dakata," in ji Auta. Ta kai yatsa can gefen hoton. "Wane ne wannan?"

Wani siririn saurayi ne, kai ba hula, da gilashin masu gyaran agogo a ido ɗaya, ya sunkuya kan ɗan tebur. Kunnuwan nan kuwa ba sa ɓuya, rabin yaran da ke falon irinsu gare su.

"Baba ne! Wallahi Baba ne!"

Baba ya ƙura wa hoton ido. Ba kansa yake kallo ba. A gaban teburin wata budurwa ce tsaye da agogo a hannu. Duk mutanen tashar sun juya suna kallon jarumi, ita kaɗai ta ba shi baya. Idonta yana kan saurayin, tana wani murmushi da ba a yi wa agogo.

Duk gidan an san zancen Inna: ita ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, naci ya yi mata har ta ji tausayinsa. Yanzu kawunan falon suka juya gare ta ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallona? Gyara na kai."

"Inna, haka ake kallon mai gyara?" in ji Auta.

Inna ta jawo kujerarta gaba, ta miƙa hannu ta zare tabarau daga fuskar Baba ta sa a tata. Ta daɗe tana duban yarinyar.

"Agogon nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "lafiyarsa ƙalau."

"Na sani," in ji Baba, ya zauna a hannun kujerarta. "Duk zuwan da kika yi sai na buɗe shi, ban taɓa ganin komai ba."

Wani jika ya ce a ci gaba da fim, a ga abin da jarumin zai yi. Babu wanda ya kula shi.