Shanu a Bangon Aji Ɗaya

Ɗakin da aka ba Malama Priscilla ba aji ba ne tun asali. Sito ne a can ƙarshen jerin azuzuwa, inda ake jibge karyayyun kujeru. Sai da 'yan aji ɗaya suka yi yawa har wasu na zama a bakin ƙofa, sannan hedimasta, Malam Yero, ya tuna da shi. Aka kwashe tarkacen, aka jera benci, aka raba yaran biyu. Ƙungiyar iyayen yara ce ta ɗauko Priscilla daga Rijau ta riƙe rabin, bisa sharaɗin za a ga kamun ludayinta na zango ɗaya.

Ɗakin yana da silin, da ƙofa ɗaya, da tagar ƙarfe ɗaya mai kallon filin makaranta. In aka rufe su duka biyun, ko tafin hannunka ba ka gani. Ita da kanta ta samo farar ƙasa ta shafe bangon da ke fuskantar tagar, don ta ce duhun ya yi wa yara yawa. Yara arba'in da uku ta karɓa, kuma ba ta bar hannunsu ya zauna banza ba. Da marafan kwalba suke koyon ƙirga, da laka suke gina baƙaƙe, ga gwangwanayen madara a jere a gindin bango, kowanne da wakensa da ya tsiro da sunan mai shi.

Wata Talata cikin damina hadari ya taso da iska mai ƙarfi, ta sa aka rufe taga da ƙofa. Don kada masu tsoro su fara kuka, ta ɗauko musu waƙar ƙirga, suna yi suna buga benci. Ruwan bai daɗe ba ya ɗauke, rana ta buɗe a waje, su ba su sani ba. Sai Hamdiyya, 'yar shekara shida da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta katse waƙar.

"Malama, saniya tana tafiya a bango."

Priscilla ta buɗe baki za ta tsawata mata, sai ta waiwaya ta dubi bangon.

Filin makaranta ne gaba ɗaya a kan farin bangon, amma a kife. Darbejiyar da ke tsakiyar fili tana lilo, gindinta sama, ganyenta ƙasa, kore shar. Sararin sama ya sauko ya kwanta kusa da siminti. Ruwan da ya taru a fili yana ƙyalli can kusa da silin. Ga shanu farare ƙanana suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu sama, ƙahonni ƙasa, makiyayinsu mai shuɗiyar riga yana biye da sandarsa, shi ma da kai yake tafiya. Har kaɗa wutsiyarsu ana gani. Yara arba'in da uku suka yi tsit, abin da bulala ba ta taɓa samu daga gare su ba.

Moses ne ya sauka daga benci, ya juya wa bangon baya, ya sunkuya ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa. "Malama, in an yi haka sun miƙe!" Nan take ajin ya koma duwaiwai sama, kawuna ƙasa.

Ita kuwa Priscilla ta taɓa ganin wannan abu. Tana da shekara bakwai mahaifiyarta ta zura ta cikin rumbu ɗebo dawa, ta mayar da murfi don kaji. A cikin duhun nan ta ga tsakar gidansu a jikin rumbun, ga mahaifiyarta tana daka a kife, taɓarya tana sauka zuwa sama. Ba ta gaya wa kowa ba. Daga baya a kwalejin horon malamai ta haddace cewa haske a miƙe yake tafiya, ta rubuta a jarrabawa ta ci, amma bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa zancen rumbun babanta ake yi.

Ta laluba jikin tagar har ta sami wata 'yar huda inda ƙusa ta fita. Ta ɗora yatsa, bango ya koma baƙi. Ta ɗauke, shanu suka dawo. Murna ta sa ta ba yaran labarin rumbun tun daga farko.

Washegari ta sake rufe tagar da gangan, haka ma ranar Alhamis, don yaran sun dame ta, kuma in za a faɗi gaskiya ita ma so take. Bai zo mata ba ko kaɗan cewa kowane yaro da baki yake komawa gida. Kafin Juma'a zance ya zaga unguwa, ya yi ƙiba a hanya. Wai sabuwar malama tana kulle yara cikin duhu tana nuna musu mutane masu tafiya da kai. Wai da bakinta ta ce tun a rumbun babanta a Rijau ta saba da su. Ranar Litinin yara goma sha tara suka zo. Wurin zaman Hamdiyya ma babu kowa.

Malam Yero ya kira ta ofis. Ba mugun mutum ba ne, ƙorafi ne kawai ba ya so.

"Ni na san ba komai ba ne," in ji shi.

"To ranka ya daɗe, zo mu je ka gani."

Ya shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ya ce ya riga ya yi magana da Irmiya mai walda zai zo ranar Juma'a ya toshe hudar. Ranar Alhamis kuma Malam Abdulkahar, kakan Hamdiyya, shugaban ƙungiyar iyaye, zai zo da kansa. Dattijo ne da rabin magidantan unguwar a zaurensa suka yi karatu. In ya ce a'a, za a mayar da yaran tsohon ajinsu, ita kuma ta kama hanyar Rijau.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, musamman zancen Rijau ɗin. Da wata 'yar gari ce ta rufe taga, ta san babu wanda zai tono zancen rumbun babanta. Bayan an tashi ta zauna ita kaɗai ta zana bayanin a allo, ga bishiya, ga huda, ga layuka biyu sun gitta juna. Ta ja baya ta dubi zanen, ta ga ko ita da ta zana bai motsa mata zuciya ba, balle dattijon da ya zo da zargi. Tana goge allon idonta ya faɗa kan gwangwanayen wake.

Ranar Laraba kowane ɗaya daga cikin sha taran nan ya zo da gwangwanin madara babu komai ciki. Ta nuna musu yadda za su kafa bakin ƙusa a gindinsa su ƙwanƙwasa da dutse sau ɗaya, a hankali. Suka shafa wa farar takarda man gyaɗa har ta yi shara-shara, suka rufe bakin gwangwanin da ita, suka ɗaure da roba. Sannan aka fita fili, kowa ya lulluɓe kansa, wani da hijabi, wani da riga, wani da zanen da Malama ta zo da shi, ya auna hudar wajen darbejiya. Ihu ya fara tashi daga ƙarƙashin lulluɓi. Jinaidu kaɗai ya fito da hawaye. Shi babbar bishiya yake so, don haka ya yi ta dukan ƙusa har hudar ta isa yatsa ya shiga, bai ga komai ba sai farin haske. Aka ba shi wani gwangwanin, wannan karon ya ƙwanƙwasa kamar mai tsoron tada jariri.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Abdulkahar ya iso, dogo, siriri, da sanda a hannu ɗaya, Hamdiyya a ɗayan. Malam Yero na biye da su a nesa kaɗan. Priscilla ta durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa."

"Barka kadai, Malama. Na ji magana iri-iri. Ni kuwa ba na yanke hukunci kan abin da ban gani ba. A rufe."

Aka ba shi kujerarta. Malam Yero ya shigo, amma ya zaɓi tsayawa kusa da ƙofa. Aka rufe.

Bango bai nuna komai ba. Gajimare ya rufe rana tun suna gaisawa, ita ba ta lura ba. Babu abin da ake ji sai numfashin yara da ƙarar carbin dattijon. Priscilla ta san abin da za a ce, wai aljanun nata sun ga malami sun ɓuya.

"Ko sai an kira su?" in ji Malam Abdulkahar, ba a gane ko wasa yake ba.

"Rana ake jira, Baba. Ba na kiran kowa."

Suka jira. Can sai bangon ya fara washewa kaɗan-kaɗan, wani koren abu ya bayyana dishi-dishi, ya yi ta fitowa har ganye ya rabu da ganye. Darbejiya ta rataye a gabansu tana kaɗawa. Wani mai babur ya gitta ta bayanta a kife, da buhu a bayansa, buhun bai faɗo ba. Ƙarar carbi ta tsaya.

Dattijon ya juya wajen jikarsa. "Hamdiyya, fita ki tsaya gindin bishiyar nan. Ki ɗaga hannu, ki sauke, ki yi tsalle."

Aka buɗe mata ƙofa aka mayar. Jim kaɗan sai ga ta a bango, ba ta fi tsawon yatsa ba, da shuɗin hijabinta, tana rataye ta ƙafafu. Ta ɗaga hannu, hannun ya yi ƙasa. Ta yi tsalle, ta nutsa ta dawo. Daga nan ta ƙara da rawar da ba a sa ta ba.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji dattijon.

Ya miƙe ba tare da sandarsa ba. Ya tara tafin hannunsa a gaban bango, jikarsa ta dawo kan tafin tana rawa. Ya yi ta ja da baya yana bin hasken, hoton na ƙanƙancewa a hannunsa, har ya kai jikin taga ya sami hudar. Ya danna babban yatsa, duhu ya rufe su. Ya ɗauke, duniya ta dawo. Ya sake, ya kuma sakewa, har yara suka fara ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa.

Da aka buɗe taga Moses ya miƙa masa gwangwaninsa. Malam Abdulkahar ya tsaya a bakin ƙofa ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe kai, hula da komai. Ya jima a ciki.

"Kai ka yi wannan, yaro?"

"Ni ne, Baba. Da ƙusa."

Ya fito daga cikin rigar idanunsa sun yi ja. Ya dubi Priscilla. "'Yata, mene ne wannan?"

Ta gaya masa a taƙaice. Hasken da ya taso daga kan bishiya a miƙe yake zuwa, in ya bi ta huda sai ya sauka ƙasa, na gindinta kuma ya hau sama. Ta ƙara da cewa masana sun ce ido ma haka yake, wannan ɗan baƙin da ke tsakiyarsa shi ne hudar.

Dattijon ya kai yatsa kusa da idonsa ya tsaya. "Kenan yanzu duk ku nan a kife kuke cikin kaina?"

"Haka littafi ya ce, Baba. Ƙwaƙwalwa ce take miƙar da mu."

"Shekara saba'in da huɗu ina buɗe ido kowace safiya," in ji shi a hankali, "ban taɓa tambayar ta ina duniya take shigowa ba."

Malam Yero ya yi gyaran murya ya ce ai ba damuwa, gobe mai walda zai toshe hudar a huta.

"Ya toshe me?" in ji dattijon. "A gaya masa ya nemi wani aikin. Malama tana nan, hudar tagar ma tana nan. Iyayen yara kuma ni zan gan su yau bayan la'asar." Ya juya wajenta. "Akwai sauran gwangwani?"

Ranar Juma'a Priscilla ta tsaya a gaban aji tana ƙirga kawuna. Arba'in da uku cif. A bakin ƙofa mata huɗu ne tsaye, wai rako yara suka yi, amma babu wadda ta juya. Can a bencin baya kuwa Malam Abdulkahar ne zaune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa, yana juya gwangwanin da ya huda a gida, yana ƙorafin bai nuna masa komai ba.

Jinaidu ya karɓa ya ɗaga shi sama ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, ka cika duka ne. Kawo wani in nuna maka."